Kan Gadon Inna

Auta,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya kai da maiɗakinka da yaran nan da nake hangowa a bayan mota. Yayanka ne, Sarkin Sana'a, wanda har yau ba a haifi na biyunsa ba. Kai haƙuri da rubutun, kaza ta fi ni iya biro, amma ba ta fi ni baki ba.

Lafiyata ƙalau. Shekara tamanin ta zo ta same ni a tsaye, ita ta ji kunya. Haƙoran da suka rage kaɗan ne amma duk ma'aikata ne.

To ga maganar. An kafa allo a tsohuwar maƙabarta, wai sabon titi zai bi ta kusurwar baƙi, inda ake binne waɗanda ba 'yan ƙasa ba, inda su Baba da Inna ke kwance. Wanzamin layinmu ya karanta min, ka san ido ya daina ja, ya ce sunan ofishinku ne a ƙasa. Na ce mai to ai titin gidanmu ne, ƙanena ne injiniyan. Ran Asabar ta sama za a kwashe mutanen. Mamacin da ɗan'uwansa ya zo ya raka, a ba shi kabarinsa a sabon wuri. Wanda ba kowa, rami ɗaya. Kuma wai mutum ɗaya ba ya raka biyu, don kar a ci musu fili.

Baba da Inna biyu ne, mu ma biyu ne. Ka ga Allah ya gama lissafin tun kafin ofishinku. Ba za ka ɓata ba, kan gadon ƙarfen Inna na nan a kafe, wanda ta haife mu a kai. Ni na yanke shi na kafa musu alamar kabari lokacin ina walda, duk shekara ina mai fenti. Kai ka raka Inna, ni in ji da Baba, dama mun saba faɗa.

Ka gaida gida.
Yayanka

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙonka ya iso. Na yi farin cikin jin kana lafiya.

Ba ni da ikon sauya hanyar titin, kuma ba ni na kafa ƙa'idar rakiya ba. Ranar zan kasance a wurin, amma a matsayin mai kula da aiki. Ka san surukaina da abokan aikina sun ɗauka iyayena 'yan ƙasa ne da suka rasu a wani gari. A kan haka aka ba ni aure, a kan haka 'ya'yana suka tashi. Yanzu ana maganar ba ni shugabancin sashe, kuma kwanan nan an sauke mutum biyu don an gano asalinsu. Idan na tsaya a kusurwar baƙi gaban ma'aikatana, ba ni kaɗai zan faɗi ba.

Ina roƙonka kada ka yi mini magana a wurin. Kuma ka daina gaya wa wanzami cewa ni ƙanenka ne.

Allah ya ƙara lafiya.
Ƙanenka

Auta,

Ina gaisuwa. Wanzami ya karanta min takardarka, da ya zo kan sunansa sai yai tari ya tsallake, na ce koma malam, kunnena bai yi ritaya ba.

Wai za a sauke ka. Ni za ka ba labarin saukewa? Nai dako a tashar jirgi, a ɗakin bayanta aka haife ni ma. Nai gidan burodi har gashin hannuna ya ƙone bai sake fitowa ba. Nai dambe, in na sha kashi a tafa, in na kayar da ɗan gari a jefe ni da takalmi, har sai da na tara na sawa. Na haska fim a sinima, na ja motar asibiti, nai walda, nai gadi. Mutane na cewa Sarkin Sana'a ba ya zama wuri ɗaya, ni ma ina taya su dariya. Kai ka san gaskiya. Duk inda za a rage ma'aikata, ɗan baƙi ake fara nuna wa ƙofa. Mata biyu sun tafi da ƙafarsu, ba ɗa ba jika. Amma ko sau ɗaya ba a tambaye ni ɗan wa ba ne na yi shiru.

Ka tuna Inna in ta je makarantarku? Bakin ƙofa take tsayawa ta miƙa maka abinci ta shingen waya, ba ta magana, don kar yara su ji harshenta su tsokane ka. Ita ta koya maka ɓoye ta, ban ce a'a ba. To ta ɓuya maka tana raye, ta ɓuya maka shekara arba'in a ƙasa. Sau ɗaya tak take neman ka tsaya kusa da ita, kuma wannan karon ma ba za tai magana ba.

In ba ka zo ba, wa zan bari a ramin taro? Faɗa min, kai ne mai ilimi.

Yayanka

Yaya,

Ina gaisuwa. Na yi tunani sosai. Ka raka Inna. Baba namiji ne, zai fahimta.

Ka yafe mini.
Ƙanenka

Ranka ya daɗe Injiniya,

Barka da aiki. Na gan ka jiya da farar hular kwano, ta yi maka kyau. Ban yi maka magana ba, ka shaida.

Da aka zo kanmu, mai kira ya ce wa ke raka namijin, na ce ni. Ya ce macen fa? Kana tsaye bakin katafila kana duba agogo. Sai wanzami ya ɗaga hannu ya ce shi ne autanta. Mutumin da bai taɓa ganinta ba, ɗan gari tun kakanni. Shi ya saka ta a kabari da hannunsa, yana kuka kamar gaske, har na ce mai ya isa haka, kar ka fi ni.

Suna kwance gefe da gefe. Kan gadon ma mun kafa.

Saboda haka hankalinka ya kwanta, an cike gurbin. In an tambaye ka, ba ka da kowa a can, kuma yanzu ba ƙarya ka yi ba.

Allah ya ba da shugabancin sashe.
Sarkin Sana'a, ɗan baƙi