Ta'aziyyar Baffa Barau

Dogo-Dogo, ranar Lahadi.

Zuwa ga Yayana Yunusa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali a can Agadas. Mu nan sai godiya. An gama yankan gero, waken ne dai bai yi ba bana. An yi wa Inna aikin ido a Magarya, kuma alhamdu lillahi tana gani. Amma abin da ya faru a can ya fi ƙarfin waya, shi ya sa na ɗauki alƙalami, don har yanzu in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Ka san yadda aka tsinci Baba muna ƙanana, a hanyarsa ta dawowa daga kasuwar Sassumbrum: an shaƙe shi, an kwantar da shi a gindin gawo, an jera takalmansa a gefe, an rufe fuskarsa da hularsa, ba a taɓa aljihunsa ba. Da yake a makon sun yi cacar baki da ƙanensa Baffa Barau kan iyakar gona, shi jandarmomi suka tafi da shi. Daga baya suka sake shi, amma gari bai sake shi ba. Mu ma haka muka tashi ba ma cin abincin gidansa.

To, a asibitin, gadon da ke kusa da na Inna na wata tsohuwa ne daga Waca, sunanta Ladi. Idanunsu a ɗaure, ba mai ganin 'yar'uwarta, sai hira. Inna ta tambaye ta maigidanta, ta ce ai ya daɗe da rasuwa, kashe shi aka yi a hanyar kasuwa. Da ta fara faɗin yadda aka same shi, Yaya, kamar tana tsaye a gindin gawon nan ranar, har takalman da hular. Ta ce su a garinsu wani makiyayi aka ɗora wa, har ya kwashe shanunsa ya bar ƙasar. Inna kuwa ta lalubo hannun matar ta riƙe, ta yi ta salati.

Zance ya kai ɗakin maza, sai wani dattijo da shi ma aka yi wa aikin ya sa aka jagorance shi wurinmu. Sunansa Malam Maikano, tsohon jandarma ne. Ya ce shi da ƙafarsa ya je irin wannan kisan a wurare da dama tsakanin Magarya da Dungas, ya kuma ji an yi a ƙetaren iyaka. Na tambaye shi me ya hana a kama mutumin. Ya ce lokacin ba waya, sai a aiko mutum bisa jaki, kafin su iso an yi jana'iza, dabbobi sun tattake sawu. Motarsu guda ce, wani sa'in ba mai. Kowane gari kuma kafin su zo ya riga ya fitar da nasa mai laifin, sai su bi shi su bar hanya. Da ya fara gane hannu ɗaya ne, aka mayar da shi arewa, wanda ya gaje shi ya soma daga fari. Can kuma kisan ya tsaya haka kawai. Har yau ba wanda ya san sunan mutumin ko fuskarsa. Ya ce wataƙila ma sun sha haɗa sahu da shi a masallacin kasuwa. Da Inna ta ambaci Baffa, ya ce ya tuna shi sarai: yana tsare a hannunsu aka kashe mijin Ladi, shi ya sa suka sake shi. Sai dai ba wanda ya biyo shi gari ya faɗi dalili.

Ka ga ikon Allah, Yaya. Abin da masu ido suka kasa haɗawa shekara da shekaru, tsofaffi uku da ɗaurarrun idanu suka haɗa shi da hantsi ɗaya. Lallai zato zunubi ne.

Da muka dawo, Inna ba ta shiga gida ba, gidan Baffa ta nufa. Muka same shi yana tufka igiya. Ta durƙusa ta gaya masa komai, ta roƙe shi gafara. Ya ajiye igiyar. Sannan ya ce ya yafe tun tuni, abu ɗaya ne kawai yake ci masa rai: wansa ya rasu, ciki ɗaya, amma ko mutum guda bai taɓa zuwa ya yi masa gaisuwar mutuwa ba. Nan take Inna ta yi masa. Washegari liman ya zo, maigari ya zo, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa, mutane suka yi ta shigowa ana addu'a kamar jiya Baba ya rasu.

Saura kai, don kai ne babba. Ka kira shi ka yi masa ta'aziyyar ɗan'uwansa. Ya tsufa ƙwarai, kada ka jira sai ka zo gida.

Ka gaida Yaya Hawa da su Munir da Ruma'isa. Inna tana sa muku albarka. Baffa ma ya ce a gaishe ka, da sunanka ya faɗa.

Wassalam. Ni ce ƙanwarka,
Hidaya.