Abba da Hanyar Kwazazzabo

Umma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya jiki, ya gwiwar? Tunda kin ce muryata a waya kamar kukan sauro take shigar miki kunne, to ga takarda. Direban bas ɗin da ke zuwa garinmu zai kawo miki, shi ba ya kwana a hanya, jibi zai juyo, sai ki ba shi amsa.

Jiya da la'asar muka iso birnin hamadar nan, bayan kwana biyu a hanya. Zafi dai ba a magana. Ruwan gora sai ki ce an ɗora shi a wuta. 'Yan biyuna sun cinye guzurin kwana huɗu tun kafin mu wuce gadar farko, sannan suka koma faɗa a kan taga, alhali kowacce da tata. Masaukinmu ɗaki biyu ne a saman shagon mai faci, da fanka mai juyawa kamar roƙonta aka yi. In kin leƙa waje, kina ganin inda kwalta ta ƙare yashi ya fara.

Abba yana cikin nishaɗi. Duk kwanar da muka sha sai ya ce, "Nan muka kafa tanti lokacin da muke shimfiɗa titin nan." Za mu huta kwana uku, makanike ya duba lagireto, sannan mu kama hanyar babban kwazazzabon da muka tashi muna jin labarinsa.

Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Kowane allo muka tarar sai ya ce in karanta masa, wai yana gwada karatuna, ni da nake koyar da 'yan aji shida. A wani shinge, yana tuƙi, ya gogi ganga da gefen motar na hagu, bai sani ba sai da ya ji ƙara. Mutumin da ya yi shekara talatin da biyar yana jan tifa bai taɓa taka ko kaza ba. Yau da safe ƙaramar cikin 'yan biyun ta miƙa masa kofi ta hagunsa, hannunta ya gaji a miƙe bai karɓa ba. Na ce ya kawo in taya shi tuƙi, ya ce motarsa ba ta san hannun kowa ba.

Umma, in akwai abin da kika sani, ki gaya mini. Hanyar da ta rage duk hawa ce da kwana, ga yara a baya.

Ki gaishe da Yaya da mutanen gida.

Taki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, gwiwa da sauƙi. Ki ja wa 'yan biyu kunne, ki ce in ji ni.

Laifin nawa ne, kuma tun da na karanta ban iya cin abinci ba. Wata huɗu ke nan likita ya ce Abbanku yana da hawan jinin ido. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama yana nan, amma kamar mai leƙe ta bututu, kuma bututun ƙara tsukewa yake. Likitan ya ce ba lallai ya kai baɗi ba.

Abbanku ya sa na yi alkawarin ba zan gaya muku ba. Ni kuma na sa ya yi alkawarin da kun fita gari zai miƙa miki makulli. Na riƙe nawa, ashe shi bai riƙe nasa ba. Shekara arba'in ina zaune da mutumin nan, da ya kamata in sani.

Kin tambaye ni ranar tafiya me ya sa ba zan bi ku ba, na ce gwiwa. Gwiwar ba ta kai haka ba. In ina wurin, ba dutse zai kalla ba, fuskata zai yi ta kallo ya ga ko tausayinsa nake ji. Ina so ya kalli abinsa hankali kwance.

Kada ki bari ya sake taɓa sitiyari. Amma kada ki karɓa a gaban yara, kuma kada ki yi masa kuka, ba ya so. Maganin ɗigawa yana cikin safarsa mai ruwan toka, a can yake ɓoye shi. Safe da yamma.

Allah ya tsare hanya, ya dawo mini da ku lafiya.

Ummanki

*

Umma,

Assalamu alaikum, da fatan kin tashi lafiya. Mun je, mun dawo birni, kowa ƙalau. Bari in ba ki labari daga farko.

Da na gama karanta takardarki na shiga banɗaki na yi kukana na wanke fuska. Na sauko na tarar da Abba a garejin makanike, yana shafa taya da tafin hannu. Na aiki yara sayen ƙanƙara.

Na ce, "Abba, Umma ta rubuto."

Ya ci gaba da shafa tayar. Can ya ce, "Ummanku ba ta iya riƙe magana ba."

Na ce, "Wata huɗu ta riƙe. Kai ko kwana ɗaya ba ka riƙe taka ba."

Sai ya yi dariya, irin ƙaramar nan tasa. Ya ce shi fa ya yi niyyar ba ni, amma duk garin da muka wuce sai ya ce bari sai na gaba. Ya ce da ya gogi gangar nan ya ji yara sun yi shiru a baya, ya san bai kyauta ba. Ya ciro makullin ya juya shi a hannu ya daɗe, sannan ya sa mini a tafi. Ya ce, "Giya ta uku tana da gardama. Lallaɓa ta ake yi."

Ya gaya wa yara wai an ƙara masa girma, ya zama mai gida, yanzu shi ake tuƙawa. Amma fa, Umma, ban taɓa ganin fasinja mai surutu irin wannan ba. Ido rufe yake gaya mini, "Rage wuta, akwai kwana a gaba, bayanta gangara." Kuma ko sau ɗaya bai yi kuskure ba.

Da hantsi muka isa. Ban san yadda zan kwatanta miki ba. Ƙasa ce kawai ta tsage, zurfinta har jiri yake sa mutum, duwatsun ja da ruwan ƙasa hawa-hawa, can ƙasa ga kogi siriri kamar zare. Na riƙe hannunsa har bakin shingen ƙarfe. Ya tsaya yana juya kai a hankali, daga wannan gefe zuwa wancan, kamar mai karanta layi. Ya fi awa a haka. Babbar ta gaji ta ce, "Kaka, ba ka gama gani ba?" Ya ce, "Ku da kuke da ido biyu kun gama. Ni kaɗan-kaɗan nake ɗiba." Daga nan ya zaunar da su a kan dutse ya gaya musu komai da bakinsa. Ƙaramar ta tashi ta koma ta damansa ta zauna.

Gobe za mu kamo hanya, ba za mu yi gudu ba. Ga wata 'yar takarda a ciki, shi ya rubuta da kansa ya liƙe, ya hana ni gani.

Taki,
Auta

*

Uwar yarana,

Sallama da gaisuwa. Ki yi haƙuri da manyan baƙaƙen nan, su nake iya gani.

Na saɓa alkawari, ki yafe mini. Na je, na gani, ya ishe ni. Sauran ganin da ya rage gida zan kawo shi. In mun iso, ki bar aikin nan naki da ba ya ƙarewa, ki zo ki zauna inda haske yake. Ina so in kalle ki ba gaggawa.

Mijinki