A Wanke Mayafin Nan

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya gida, ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, sabulun gidan wankin da nake aiki ne dai ya tsattsaga mini hannu, amma an saba.

Wasiƙarki ta hana ni sukuni. Kin ce 'yata Auta tana tashi da atishawa, ido jawur, tana susa har jini. Likita ya ce ƙura ce, kin share ko'ina, ba sauƙi.

Yaya, na san inda ƙurar take. Tsohon mayafina ne da take kwana rungume da shi. Wata goma ke nan ta hana a wanke, wai ƙamshina zai fita. Ni kuma daɗi ya kama ni, na ce a ƙyale ta. Laifina ne.

Don Allah ki riƙa wanke shi da ruwan zafi duk mako, kuma ki yanke mata farce. Za ta yi kuka, kada ki yi mata tsawa. Allah ya saka miki.

In ta nemi ƙamshin, ki ce yana wurina, da kaina zan kawo mata.

Ƙanwarki