Abin da Ke Karkatar da Asanagi

Innoshima, farkon watan Maris

Zuwa ga Yayata Kimiyo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya ciwon gwiwar, yana barin ki barci? Yaya sanyin Nagano? Ki gaida maigidanki da jikoki. Mu nan lafiya lau. Lemo ya nuna, na aiko miki kwali ɗaya, kada ki rabar wa maƙwabta duka kamar bara.

Ki gyara zama kafin ki ci gaba. Na ci jarrabawar tuƙin jirgin ruwa, lasin yana cikin jakata. Ni Fusako, da furfurata, wadda ko a jirgin fito sai na runtse ido. Na san abin da za ki ce, ina jin muryarki tun daga nan: wadda ta kasa riƙe almakashin Inna har ya ɓace, ita za a damƙa wa jirgi? Sama da shekara talatin kina yi mini gorin almakashin nan, Yaya, ki ɗan huta.

Ga yadda aka yi. A kakar da ta wuce maigidana Noboru ya ɓace cikin hazo da jirginsa Asanagi, sai da 'yan sintirin ruwa suka jawo shi. Idonsa na hagu ya yi rauni, shi kuwa ya ƙi yarda. 'Yarmu Chinatsu ta taso daga Osaka ta zaunar da ubanta kamar ita ta haife shi. Ta ce ko dai a cire tsofaffin na'urorin jirgin a sa sababbi, waɗanda za su nuna masa hanya ita ma ta riƙa ganin inda yake a wayarta, sannan ni in koyi tuƙi in riƙa bin sa, ko kuma a sayar da jirgin kafin hutun Mayu. Har mai saye ta samo.

Da farko murna na yi, kin san ni da jirgin nan ba ma ga maciji tun ranar da aka ƙera shi. Amma da ta tafi sai na ga mutumin nan kullum da safe yana zuwa tasha ya wanke jirgin da ba shi da datti, ya dawo ya zauna yana juya shinkafa a kwano. Shekara arba'in yana yi wa jiragen wasu walda, wannan ɗaya ne nasa. Tausayi ya kama ni, sai na je na yi rajista ban gaya masa ba.

Mai aikin, Tsuboi-san, surutunsa ya fi hannunsa sauri, amma ya iya aiki. Ya zaro tsofaffin wayoyi daga cikin jirgin har suka cika bokiti uku, kamar taliyar da ta kwana. Yanzu waya ɗaya mai kauri ya ja daga gaba zuwa baya, kowace na'ura za a rataya ta a jikinta kamar kaya a igiyar shanya, duk su ji maganar juna. Na'urar auna zurfin ruwa kaɗai Noboru ya hana a taɓa, wai ta san duwatsun yankin nan fiye da Tsuboi. Ita kuma tsohon yare take yi, dole aka sayo mata wani ɗan akwati ya zama tafinta. Na ce da ma a sayo biyu, a sa ɗaya tsakanina da maigidan.

Ki kula da kanki, ki rubuto.

Ƙanwarki,
Fusako

Innoshima, tsakiyar Afrilu

Yaya Kimiyo,

Ina gaishe ki da fatan jiki ya yi sauƙi. Wasiƙarki ta iso, na kuma ga abin da kika rubuta a ƙasa game da almakashi. Na ji, na gode.

Da ma kin ga ranar da aka kunna allon sababbin na'urorin. Taswirar ruwanmu ta bayyana, ga tsibirai, ga jirgin fito yana tafiya a kai da sunansa, ga mu ɗan ɗigo a bakin tasha. Tsohuwar na'urar zurfi ta yi magana, tafinta ya fassara, lamba ta fito da girma yadda ko da ido ɗaya za a gani. Noboru ya sa fuska dab da allon yana dariya kamar yaron da aka saya wa keke. Rabon da in ji dariyar nan tun kafin hazo.

To amma da sauran rina a kaba. Akwai na'urar da ke riƙe sitiyari da kanta, ita ce babbar abin da Chinatsu take so, don ko idonsa ya gaji jirgin ya bi layi. Da muka fita gwaji, Tsuboi ya danna ta, sai Asanagi ya kama karkata dama yana nufin gonar kawa ta mutane, inda ake kiwon katantanwar teku. Aka gyara, aka sake, ya koma karkata. Muka yi ta zagaye a ruwa don na'urar ta koyi arewa, har kaina ya juya, masu kamun kifi suna ɗaga mana hannu suna tambaya ko rawa muke koya.

Tsuboi ya ce laifin sabon kamfas ne, wato abin nuna arewa, wani ƙarfe yana jan sa. Shi kuma ba ko'ina ake ɗora shi ba. Baya akwai injuna, gaba akwai sarƙar anga, tsakiya kaɗai ya rage, ƙarƙashin kujerar matuƙi, inda ya kafa shi. Ya kwashe gwangwanaye da sufana da duk wani ƙusa da ke kusa, bai canza ba. Daga ƙarshe ya ɗauko ɗan kamfas na hannu yana bin katako, da ya zo kan wani ƙaramin allo da aka rufe da kyau a gindin kujerar, allurar ta juya kamar an kira sunanta.

Kin san abin da ke nan. Funadama ne, ɗan akwatin ruhin jirgi da tsoho Hamaoka ya rufe ranar da ya gama ƙera shi, irin wanda yake a jirgin Baba: gashin mace, tsabar hatsi, 'yan tsana biyu da kwabban tagulla. An ce gashin shi ke dawo da mai jirgi gida lafiya. Tsuboi ya ce babu abin da zai ja kamfas a cikin waɗannan, amma a bari ya leƙa. Noboru ya tsaya a gaban kujerar ya ce ba mai buɗewa. Tsuboi ya yi lallashi, ya ce za a kira ɗan Hamaoka ya buɗe bisa al'ada, ana yi, ba sabon abu ba ne. Mutumin nan sai ya ce:

"In sai an buɗe, to a kira mai sayen. A sayar."

Yaya, raina ya ɓaci ƙwarai. Na haddace fitilu da alamomin ruwa da tsufana, na yi amai a gaban yara 'yan shekara ashirin a wurin jarrabawa, duk don kada a raba shi da jirgin, shi kuma zai yar da shi a kan akwati. Kuma gashin da ke ciki ma ba nawa ba ne. Kin tuna ya roƙe ni a lokacin, na ce ko sili ɗaya ba zan bayar ba, tunda ya zaɓi jirgi a kan gyaran rufin gida ga Chinatsu tana goye. Na ɗauka na matar Hamaoka aka sa.

Kwana uku ke nan gaisuwa ce kawai ke haɗa mu. Chinatsu ta ce za ta zo da mai sayen ranar farko ta hutu.

Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Fusako

Innoshima, ƙarshen Afrilu

Yayata,

Gaisuwa a gurguje, da fatan kowa lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun.

Jiya da hantsi ina rage wa wata mata tsawon riga, kwalin fil ya zube a kan tabarma. Na miƙa almakashi na kwashe su, kamar yadda Inna ta koya mana, a goga wa almakashi mayen ƙarfe ya riƙa tsince allura da kansa. Ina kallon fil ɗin suna manne a bakinsa, sai gabana ya faɗi. Na tuna na Inna, wanda ya fi kowanne ja, har ta kan ɗaga allura daga nesa don ta ba mu dariya. Na tuna kuma yaushe ya ɓace: satin da aka saka Asanagi a ruwa.

Ban ko cire ƙyallen aiki ba. Na ɗaura fil a zare, na hau keke na tafi tasha. Na durƙusa a gindin kujerar na saki zaren, fil ɗin ya miƙe ya nufi katakon ya manne.

Noboru na bayana da bokiti a hannu. Na ce, "Baban Chinatsu, ina almakashin uwata?"

Ya ajiye bokitin, ya zauna a ƙasa, kunnuwansa suka yi ja. Wai da na hana shi gashin, Hamaoka ya ce a sa na matarsa, shi kuwa ya ƙi. Sai ya bari ina barcin rana, ya ɗauki almakashin a kan keken ɗinki ya yanki kaɗan daga ƙeyata. Na motsa, ya tsorata, ya dunƙule gashi da almakashi cikin hankici ya ruga. Hamaoka kuma ba ya kwance ƙulli a gaban mutane, ya karɓa ya rufe. Sai da na fara nema ya gane abin da ya yi.

Kuma Yaya, ya taya ni nema! Shi ya ɗaga tabarmi, shi ya ja kabad, har shi ya ce wataƙila na bari a gidanki. Na tuna masa duk wannan, ya sunkuyar da kai ya ce ai da gaske yake nema, yana fatan ko wani almakashin daban ne ya dunƙule.

Na ce to me ya sa zai gwammace a sayar da jirgin. Sai ya ce:

"Kin ce ba ki bayar ba. Sata na yi. In aka buɗe kika ce a ba ki kayanki, da me zan dawo gida?"

Na so in yi faɗa, faɗan ya ƙi zuwa. Dariya ce ta zo, ta zo da hawaye, har Tsuboi da ke isowa da akwatin kayansa ya juya ya koma mota. Duk shekarun nan ina cewa jirgi ya ɗauke mini miji, ashe ni yake ɗauka yana yawo da ni a ruwa ban sani ba.

Zan rubuto bayan hutu. Ki fara shirya ban-haƙurinki.

Fusako

Innoshima, watan Mayu

Zuwa ga Yaya Kimiyo,

Ina gaishe ki da gaisuwar ƙauna. Yaya gida, yaya gwiwa? An ce furanni sun buɗe a wajenku, ki fita ki ɗan taka.

Ɗan Hamaoka ya zo da gishiri da shinkafa da giyar shinkafa, ya tafa hannu ya nemi izini, ya buɗe. Hankicin ya yi rawaya. Almakashin Inna na kwance a ciki, tsatsa kaɗan a bakinsa, jan zaren da ta naɗa a hannunsa yana nan yadda kika san shi. Kusa da shi ga gashi baƙi wuluk, har na ji kunyar cewa nawa ne.

Noboru ya tsaya nesa yana jiran hukunci. Na ɗauki almakashin na goge shi da ƙyalle, na kamo furfurata daga gaba, inda kowa zai gani, na yanka. Har yanzu yana ci. Na ajiye farin kusa da baƙin, na ce wa ɗan Hamaoka ya rufe. Na ce wa maigidan, "Wancan ka sata. Wannan ni na ba ka, sai ka bar tsoro." Ya juya yana ta gyara igiyar da ba ta kwance ba.

Tsuboi ya sa na kai almakashin can kan tasha kafin ya kunna komai, wai ba ya son Inna ta sake sa baki a aikinsa. Muka yi zagaye biyu, kamfas ya kama arewa, ya danna na'urar. Asanagi ya miƙe sak, layin da muka bari a bayanmu kamar ɗinkin keke.

Chinatsu ba ta zo da mai saye ba. Na ce ta zauna a Osaka ta buɗe wayarta. Muka tashi da safe zuwa Omishima, ni a kujerar matuƙi, shi a gefe yana karanta mini zurfi da ƙarfi kamar ba ni da ido. Muna tsakiyar hanya ta bugo, ta ce tana ganin mu, wa ke tuƙi haka ba karkata? Ubanta ya karɓe wayar ya ce uwarta ce, kuma ta daɗe tana yi, yau ne dai ta zauna a kujera. Yarinyar ba ta gane ba, ni kuma ban yi mata bayani ba. Ta ce ta sallami mai sayen.

A dawowa hazo ya ɗan sauko. Na ga hannun Noboru ya kai gindin kujerar ya dafa katakon. Na ɗora nawa a kai, muka bi layin da ke kan allo har gida.

Almakashin yana kan keken ɗinkina, ya kwashe fil ɗin da suka rage a tabarma tun ranar nan. Ba zan aiko miki da shi ba. In kina son ganinsa ki zo da kanki da rani, in ɗauke ki a jirgi, ki ba ni haƙurin a tsakiyar ruwa inda ba ki da wurin gudu.

Noboru yana gaishe ki, ya ce ki sassauta masa.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Fusako