Kawu Zai Tafi Ranar Juma'a

Zuwa ga ƙanina, Autan Mama,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka da yaran, ya ƙara maka buɗi a wajen aikinka, ya tsare ku da tsarewarsa. Mu ma nan lafiya lau muke, sai godiya. Idon Mama da aka yi wa aiki ya washe tas, har ta fara hango dattin saman tagogi da ta yi shekara biyu ba ta gani ba, yanzu mu ne muke shan faɗa safe da yamma. Maigidana ma jikin da sauƙi, hawan jinin ya sauka, ya koma shago. Babbar 'yata ta gama jarrabawa, tana gida tana cinye mana abinci tana jiran sakamako.

Za ka yi mamakin ganin rubutun hannuna. Na san halinka da saƙon waya, ka karanta layi biyu ka turo mini hoton babban yatsa, shi ke nan ka gama da ni. Shi ya sa na nemi biro da takarda, zan ɗauki hoton shafukan in turo maka don su iso da wuri. Ka nemi wuri ka zauna ka karanta har ƙarshe. Maganar Kawu ce, kuma kwana huɗu kawai suka rage mana.

Bari in fara ba ka haƙƙinka, kada ka ce Yaya ta zo da ƙorafi. Manhajar da ka haɗa wa masaukinmu ta yi mana rana. Wata huɗu ke nan da muka liƙa ɗan zanen nan baƙi da fari a bayan kowace ƙofa, baƙo ya haska shi da wayarsa komai ya fito masa. A da kafin in sha ruwan safe an buga mini ƙofa sau biyar, wannan yana neman lambar intanet, wancan famfon ɗaki na uku ya ƙona masa hannu saboda ruwan zafin a dama yake, wata kuma tana tambayar wace ƙofar asibiti ake fara buɗewa. Yanzu duk yana cikin waya, har da taswirar hanyar kantin magani, har da muryar da ka sa don waɗanda karatu yake musu wuya. Na sami sarari sosai. Da ka ce mini a waya tunda abin ya zauna ya kamata Kawu ya huta, shekara talatin da ɗaya yana zaune a kantar karɓar baƙi ga kuma ciwon gwiwa, ban musa maka ba. Ni na ce ka bar mini, zan san yadda zan faɗa masa. Don haka duk abin da zai biyo baya, da hannuna dumu-dumu a ciki.

Ka tuna daga bakin Kawu muka kwashe duk abin da ke cikin manhajar. Yini uku na zauna da shi ina tambaya yana faɗa ina rubutawa, yana ta murna, har yana cewa in tabbatar na sa maka maganar matattakala ta biyu da ta fi sauran tsawo. Da aka fara aiki da ita ma shi yake nuna wa baƙi inda za su haska. Sai wata rana wani mai tallan magunguna da ya sauka a ɗaki na biyu ya tsaya a gaban kantar yana karanta shafin farko da ƙarfi, wurin da ka rubuta barka da zuwa, duk abin da baƙo yake bukata yana nan ciki, ba sai ya nemi kowa ba. Mutumin ya yi dariya ya ce wa Kawu ashe an yi masa ritaya bai sani ba. Kawu ma ya taya shi dariya. Amma washegari da safe sai na ga ya ɗauki kujerarsa ya kai ta baya, wajen igiyar shanya, yana ninke tawul. Na gani sarai, Auta. Maimakon in tambaye shi, sai na ji daɗi a raina cewa an rage mini nauyin magana. Har cewa na yi gara haka, can ya fi inuwa, ya miƙe ƙafarsa.

Ka daɗe ba ka zo ba, wataƙila ka manta irin baƙinmu. A cikin goma, takwas masu jinya ne, saboda babban asibitin da ke ƙarshen layi. Akwai wata mata da ta sauka a ɗaki na shida, mai ɗinki ce a garinsu, za ta yi shekara hamsin. Ta kawo mijinta wankin ƙoda, daga baya jikin ya yi tsanani aka ba shi gado. Ranar da suka zo Kawu yana kanta tukuna, shi ya karɓe su. Mako uku da 'yan kwanaki ta yi a wurinmu. Da sassafe ta fita da filas a hannu, da yamma ta dawo ta shige ɗaki. Ba ta da yawan magana, kuma ba ta taɓa neman komai ba, tunda wayarta tana faɗa mata inda komai yake. A da da wuya mai jinya ya wuce kanta Kawu bai tambaye shi ya mai jiki ba, ko da kuwa amsar ɗaga kai ce kawai. Ita kuwa mako biyun ƙarshe kantar take wucewa babu kowa a wurin, ni ina ofis ko ina wajen wanki.

Ranar Talatar da ta wuce na tafi kasuwa sayen zannuwan gado da sabulu. Da na dawo bayan azahar sai na tarar da makullin ɗaki na shida a cikin akwatin da muka rataye don masu fita. Na leƙa ɗakin, an share shi, an gyara gado, tawul a ninke a kan kujera. Na ce alhamdulillahi, an sallami mijinta sun tafi gida. Ka san saƙon nan da manhaja take tura wa baƙo awa uku bayan fitarsa. Kai ka sa lokacin, amma kalmomin nawa ne, ni na zauna na tsara su ina jin kaina. Na rubuta cewa mun ji daɗin zamanta da mu, muna fata ta more, ta daure ta ba mu taurari, sai ta sake dawowa. Har fure na liƙa a ƙarshe da fuska mai murmushi. A masaukin da ke kusa da asibiti nake yi wa mutane fatan sake dawowa, kuma wata huɗu ban ga abin da ke ciki ba.

Da safiyar Laraba amsarta ta shigo. Tauraro biyar ta ba mu. Ta rubuta cewa ɗakin yana da tsabta, ruwa bai taɓa yankewa ba, ta gode. Sannan ta ce maigidanta ya rasu jiya da safe, ta dawo ita kaɗai ta haɗa kayansu kafin 'yan uwa su iso da mota. Ta ce ta ɗan tsaya a gaban kantar, don tana son ta faɗa wa wani a gidan, ba ta san kowa a garin ba sai mu, amma da ba ta ga kowa ba sai ta sa makullin a akwati yadda aka rubuta. A ƙarshe ta ce a gaishe mata da dattijon da ya riƙe wa maigidanta hannu ranar da suka zo, ya ce masa ya kula da matattakala. Ko kalma ɗaya ta zargi babu a ciki. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune, sannan na rufe ƙofar ofis na yi kuka irin wanda rabona da shi tun rasuwar Baba. Daga inda ta tsaya zuwa inda Kawu yake ninke tawul bai kai taku ashirin ba.

Na kira ta na yi mata gaisuwa na ba ta haƙuri, ita kuma tana ta ce mini ba komai, ai ba mu sani ba. Bayan nan na yi ta kai-kawo a raina ko in ɓoye wa Kawu, daga ƙarshe na ga ba ni da ikon riƙe gaisuwar da aka aiko masa. Na same shi a baya na karanta masa. Sai ya tambaye ni wajen ƙarfe nawa ne ta fita. Na duba na ce sha ɗaya saura. Ya ce ya ji. Ya ce ya ji ƙarar jan akwati a tsakar gida, har ya dafa gwiwa ya miƙe, sai ya tuna yanzu ba a neman kowa, ya koma ya zauna. Ya karɓi wayata ya ce in kira masa ita. Sun daɗe suna magana, ni dai na ba su wuri, ban san me suka ce ba.

Na ɗauka bayan wannan zai mayar da kujerarsa gaba da kansa. Ba haka aka yi ba. Ranar Asabar ya kira ni ya miƙo mini makullan sito da na ɗakin janareta, ya ce ya yi magana da 'yarsa, mijinta zai zo ya ɗauke shi ranar Juma'a. Ya ce kada in ɗauka fushi ne. Wai mutumin da ya ji baƙo yana jan kaya ya koma ya zauna, ai ya riga ya bar aiki, saura kawai ya bar gidan. Mama ta yi masa magana a matsayinta na yayarsa, ta yi lallashi ta yi faɗa, ya sunkuyar da kai ya ce ta yi haƙuri. Ni ma na durƙusa na roƙe shi, na faɗa masa gaskiya cewa ni da kai mun yi shawarar ya huta, kuma na janye bakina daga ciki. Ya ce ya ji nawa, kuma ya yarda har zuciyata nake faɗa. Amma ya ce gidan nan namu ne mu biyu, kuma abin da yake karɓar baƙi yanzu kai ka haɗa shi, kai ka rubuta gaisuwarsa, shi kuwa bai ji daga gare ka ba. Ya riga ya sauke hotunan da ke bangon ɗakinsa, har da wanda ya ɗauko ka a keke daga makaranta kana riƙe da rigarsa.

Kwanakin nan na yi tunani da yawa. Ba cewa nake a cire manhaja ba, kada ka fahimce ni a baibai. Wanda ya iso a gajiye yana son lambar intanet gara ya same ta a waya, kuma gwiwar Kawu ba za ta ƙara hawa bene sau goma a yini ba. Abin da na gane shi ne, yini ukun da na zauna da shi, amsoshin tambayoyi kawai na kwasa. Na tambaye shi me yake faɗa wa baƙi, ban tambaye shi me yake dubawa ba idan sun shigo. Ashe yana kallon yadda mutum ya riƙe filas, ko ya dawo da shi wayam ko da nauyinsa, ko ya gaisa yau ko ya wuce. Shi kansa ba zai iya jera maka su a takarda ba. Na kashe saƙon bankwanan da hannuna tun ranar Laraba, yadda ka taɓa nuna mini. Layin farkon nan ma ina son ka canza shi, ka sa cewa akwai mutum a kanta. Sai dai ba zan so ka rubuta haka ba alhali kantar babu kowa.

Ga roƙona, Auta. Ka kira Kawu kafin Juma'a. Kira nake nufi, ka ji muryarsa ya ji taka, ba saƙon murya ba, ba kuma ka ba ni sallahu in kai masa ba. Da hantsi ya fi, lokacin ya sha shayinsa, wayar tana aljihun gaban rigarsa. Zai ce maka ba komai, zai ce dama ya gaji, zai ma sa maka albarka. Kada ka karɓi wannan ka ajiye waya, ka san shi da zurfin ciki. Kada kuma ka nuna masa tausayinsa muke ji, don in ya ji ƙamshin haka ko sallama ba zai tsaya yi ba. Ka faɗa masa abin da yake gaskiya, cewa mun yi kuskure kuma gidan yana bukatarsa a gaba. In kuwa bayan ka karanta duk wannan har yanzu kana ganin tafiyarsa ta fi, to shi ma ka kira ka faɗa masa da bakinka. Ya goya ka, ya cancanci wannan. Ni sai in taya shi ɗaure kaya.

Ka gaishe mini da maiɗakinka da kyau, ka ce mata na ga hoton labulen, ya yi kyau. Ka shafa mini kan takwarar Mama da ƙaninta Sarkin Ɓarna. Mama tana gaishe ku, ta ce ka rage zama gaban na'ura kada idonka ya bi nata. Maigidana da yara duk suna gaisuwa, haka ma Gwaggo da ta zo jiya duba Mama. Kafin in rufe takardar nan na je na tambayi Kawu ko yana da saƙo zuwa gare ka, ya ce a'a, babu. Sai da na kai bakin ƙofa ya kira ni, ya tambaye ni ko har yanzu lambarka ita ce ta da, wai kada kira ya shigo bai gane ba ya ƙi ɗauka.

Allah ya sada mu da alheri.

Taka har kullum,
Yayarka