Facin da Ya Karya Hannun Gwaggo

Kazaure, ranar Talata.

Yaya Haruna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Yaya Binta da yara. Yaya aiki, yaya zaman Ikko? Mu nan sai godiya.

Raina a ɓace nake rubuto maka. Ranar kasuwar Gwiwa Sale direba ya jefa akori-kurarka a rami, Gwaggo Asabe tana ciki, ta karye a hannu.

Tun makon jiya tayar baya ta yage a gefe. Na ce masa huda ake yi wa faci, amma tayar da gefenta ya yage ta gama aiki. Ya ce, "Malam Habibu, bar ni da aikina." Ashe wurin mai faci ya kai ta aka cusa mata guntun tsohuwar taya ta ciki. Sannan ya lafta wa motar buhunan gyaɗa, ga mutane a sama, alhali nauyin da kowace taya take iya ɗauka yana nan rubuce a jikinta. Ba su yi nisa ba tayar ta yi bindiga.

Da na je wurin, Sale ya ce wai ƙaddara ce. Gwaggo tana rungume da hannunta ta ce, "Sale, ƙaddarar ce ta yi lodin?"

Na karɓe makullin. Motar nan ba za ta motsa ba sai ka aiko da sabuwar taya, ka kuma faɗi abin da za a yi da Sale.

A sa Gwaggo a addu'a, an yi mata ɗori amma tana jin jiki. Inna tana gaishe ku. A gaida Kawu Idi.

Ƙaninka,
Habibu