Kazar Ummaru Ta Taka

Asabar, 1 ga Oktoba, 1983

Maniru ya zo daga Shagari a kan babur ɗinsa, tun daga bakin gari ake jin ƙararsa. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na koya masa fere karan ɗori. Shekara shida ya yi yana tura gadon majinyata a ɗakin masu karaya a Sakkwato, yanzu an ba shi asibitin sha-ka-tafi na Shagari, shi ke nan ya zama Likita a bakin mutanen Danchadi. Ni da na shekara ashirin da biyu ina ɗori a zauren Baba, har yau Ɗantani nake, ko Malam sai wanda ya ga dama.

Idon Baba ya tafi, amma kunnensa na nan ga wanda yake so. Ya zaunar da Maniru a kan buzunsa, yana ta tambayarsa yadda hoton ƙashi yake. Ni ina bakin ƙofa ina narka man shanu. Sabulu sanda biyu Maniru ya kawo, a wannan zamani da sabulu ya zama abin ɓoyo, aka yi ta sa masa albarka har na ƙosa.

Ba na ƙin sa. Ba na dai sakewa duk ranar da ya zo.

Litinin, 3 ga Oktoba

An kawo wani manomi, Ummaru, daga Kajiji a akori-kura. Ya faɗo daga kan rumbu yana jera damman gero, ɗan abin da damina ta bari, ƙwaurin dama ya karye. Fata ba ta fashe ba. Matarsa Zulai ta biyo shi da baƙar kaza a hannu, ta san al'adar gidanmu.

Bari in rubuta tunda ba mai karantawa: ta Shagari suka biyo, suka wuce ƙofar Maniru, suka zo wurina. Wannan ya yi mini daɗi fiye da yadda ya kamata.

Na yi yadda muka gada. Aka riƙe shi, na ja, ƙashi ya koma, na ji shi a tafin hannuna. Na yi tofi, na shafa man shanu, na jera kara, na ɗaure tamau. Ƙafar ta fara kumbura kafin su iso, don haka na ƙara ɗauri don kada ƙashin ya goce. Sannan na karya ƙafar kazar, ita ma ta dama, na ɗora ta da tsinke. Ƙa'idar gidanmu ke nan tun kakanni: ba a kwance ɗori sai kwana bakwai, kuma kaza ake dubawa. In tana ci tana sha, ƙashin mutum na kamawa. Ranar da ta taka, shi ma ya kusa.

Na ba su ɗakin baƙi na bayan zaure.

Talata, 4 ga Oktoba

Kaza ta ci dawa. Ummaru yana nishi, amma wa aka taɓa ɗorawa bai yi nishi ba?

Laraba, 5 ga Oktoba

Ba ranar zuwan Maniru ba ce, sai ga shi. Wai ya ji labari a tasha. Ya gaida Baba, ya ce ko zai iya leƙa majinyacin. Na ce ɗakin ba kulle yake ba.

Ko kallon kazar bai yi ba. Ya tsuguna, ya danna farcen babban yatsan Ummaru, ya saki, ya zura masa ido kamar mai jiran tukunya ta tafasa. Ya taɓa yatsun da bayan hannunsa, ya taɓa na ɗayar ƙafar. Ya ce wa Ummaru ya motsa su, bai iya ba sai ɗan kaɗan.

A waje ya ja ni gefe, ya yi ƙasa da murya. Wannan ladabin nasa ma haushi yake ba ni.

"Yaya, ɗorin ya yi kyau, ƙashin na daidai. Amma ɗaurin ya matse, jini ba ya sauka. Ka sassauta shi yau, kar a kai gobe."

Na tambaye shi ko a Sakkwato aka koya masa kwance ɗorin wani a kwana na uku. Na nuna masa kazar tana tsattsagar tsaba. Ya ce ita ba ƙafarta ce ta kumbura ba, kuma ba igiyata ke jikinta ba. Ya ce in ban yarda ba, in riƙa danna farcen safe da yamma, in ya yi fari bai koma ja da sauri ba, to a kwance.

Da a tsakaninmu ya tsaya, wataƙila da na duba. Amma ya shiga ya gaya wa Baba, kuma ina ji Baba ya ce, "Ɗantani, ka ji abin da ƙanenka yac ce?" Mutumin da ya mare ni ina da shekara goma sha tara don na kwance ɗori a kwana na biyar.

Na ce na ji. Ban kwance ba.

Alhamis, 6 ga Oktoba

Ummaru ya wuni yana kururuwa, har makwabta suka riƙa leƙowa. Ya ce wuta ake hura masa a cikin ƙwauri. Zulai ta durƙusa ta roƙe ni in sassauta ko kaɗan ne. Na tabbata ta ji maganar jiya ta bayan danga.

Na ce mata ƙashi ne ke neman ɗan'uwansa. Na ba shi jiƙo.

Sau biyu na tsaya a kan yatsun nan. Hannuna har ya miƙa. Sai na ga kamar Maniru na tsaye a bayana yana gyaɗa kai, na janye. In na danna farcen nan, na zama yaronsa ke nan a zauren ubana.

Juma'a, 7 ga Oktoba

Alhamdu lillahi. Ciwo ya kwanta. Ummaru ya yi barci, ya sha fura, ya ce ba ya jin komai a ƙafar. Kuma da hantsi kazar ta dogara ƙafarta a ƙasa, a kwana na biyar! Ban taɓa ganin mai saurinta ba.

Na ba da labari a ƙofar masallaci, na tabbatar na faɗa a gaban direban da ke zuwa Shagari. Ina so ya kai wa Maniru da zafinsa.

Baba ya ji labarin. Ya dai tambaye ni launin yatsun. Na ce lafiya lau. Gaskiya ban duba ba, tsumma ya rufe su.

Asabar, 8 ga Oktoba

Zulai ta tare ni da safe kafin in karya kumallo. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Malam, ɗakin na wari, kuma ba daga gare mu ba na."

Na ɗaga tsumman. Yatsun sun yi baƙi, sun yi sanyi kamar randa. Na danna farcen. Babu abin da ya koma ko'ina.

Na sa wuƙa na yanke igiyar a kwana na shida. Abin da na gani a ƙarƙashin karan ba zan rubuta shi ba. Ashe shirun jiya ba sauƙi ba ne, ƙafar ce ta daina ji.

Na ari keke zuwa Bodinga, na samu mota zuwa Shagari. Duk hanya ina shirya abin da zan ce in ya yi mini gori. Na same shi yana wanke wa wata tsohuwa gyambo. Ya dubi fuskata kawai, ya ɗauraye hannu, ya ɗauko makullin babur. Bai tambaye ni komai ba. Na hau bayansa, na riƙe rigarsa, ni babba.

Lahadi, 9 ga Oktoba

Man mota ya yi wuya, sai da Maniru ya zagaya Bodinga kafin ya samu mai akori-kurar da zai kai mu. Mun kai Ummaru asibiti a Sakkwato jiya da la'asar. Kowa a can ya san Maniru, ana ta gaishe shi. Likitan asibitin ya tambayi wanda ya yi ɗaurin. Na buɗe baki, Maniru ya riga ni, ya ce a gida aka yi. Gidan wa, bai faɗa ba.

Sun ɗauki hoto. Maniru ya ɗaga shi a taga ya nuna mini: ƙashin a miƙe, baki da baki, ko tsinke ba zai shiga ba. Ya ce likitan ya yaba hannun da ya gyara shi. Yau na fara ganin aikina da idona, a ranar da ba shi da amfani.

Laraba, 12 ga Oktoba

Sun yanke, ƙasa da gwiwa.

Lahadi, 23 ga Oktoba

Kwana goma ban buɗe littafin nan ba. Kazar na yawo a tsakar gida da ƙafa biyu, ko ɗingishi ba ta yi. Matata Hajjo ta ce a yanka ta ko a mayar wa masu ita. Na kasa ko ɗaya.

Ina jira gari ya ɗauka, shiru. Mutane cewa suke karayar ce ta zo da ƙarar kwanan ƙafa. Wasu ma asibiti suke zagi, wai da an bar shi a hannuna da ba a yanke ba, su can wuƙa kawai suka sani. Jiya wani ya faɗa a gabana, na bar shi ya faɗa. Wannan ma in rubuta shi.

Maniru bai gaya wa kowa cewa ya gargaɗe ni ba. Ya zo jiya, ya gaishe ni kamar kullum, ya ci tuwo a kwanona. Da ya zage ni da na samu abin riƙewa. Yanzu har shirun nasa nake wa ƙyashi, don na san da ni ne a wurinsa da Danchadi da Shagari duk sun ji.

Talata, 15 ga Nuwamba

Baba ya kira ni ɗakinsa. Na ɗauka zai ce in bar zaure ne. Sai ya ce a zamaninsa ya yi asarar ƙafa biyu da hannu ɗaya, kuma duk ukun kajinsu sun taka. Na tambaye shi me ya sa bai taɓa gaya mini ba. Ya ce shi ma ubansa bai gaya masa ba.

Na fito raina a ɓace, ban san da wa nake fushi ba.

An sallamo Ummaru makon jiya. Na aika da dawa da man shanu. Ban je ba.

Alhamis, 22 ga Disamba

Da hantsi akori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Wanda ya fara saukowa Ummaru ne, da sanduna biyu a hammata, ƙafar wandon dama a naɗe an soke ta da allura. Ya rame. Ya gaishe ni da fara'a, har da tambayar jikin Baba.

Ƙanensa Bala suka kawo. Ya faɗo daga kan amalanke da buhun irin albasa a ka, wuya ya ƙage, ba ya iya waiwaye. Gyaran wuya kuwa da shi na yi suna: in kama haɓa da ƙeya, in murɗa sau ɗaya, a ji ƙas, mutum ya tashi yana dariya. Har daga Dandin Mahe ake zuwa don shi.

Ummaru ya ce, "Wasu sun ce a tsaya Shagari. Ni nac ce a'a, a kawo shi wurin Malam Ɗantani. Abin da yas same ni daga Allah na, amma hannunka ni na san shi."

Na tsaya a bayan Bala, na ɗora hannu a ƙeyarsa. Ban san abin da ya sa na tambaye shi yadda yake jin hannuwansa ba, ba a tambaya a gidanmu. Ya ce yatsunsa na hagu na yi masa kamar tururuwa na bi, kuma ɗazu moɗa ta suɓuce masa. Ban san ma'anar wannan ba. Abin da na sani shi ne ban sani ba, kuma Ummaru na zaune a gabana yana murmushi, sandunansa a jingine da bango.

Na ce musu wuyan hannuna ya yi targaɗe, ba zan iya murɗa ba yau. Na sa aka ciro ƙyauren ɗakin baƙi, muka kwantar da Bala a kai, na tokare kansa da tsumma dama da hagu, na ce kada wanda ya ɗaga shi zaune. Na yage takarda daga bayan littafin nan na rubuta wa Maniru layi biyu. Da zan ba direba, sai na ga ba lallai ya kai ba, na shiga motar da kaina, na riƙe kan Bala har Shagari.

Maniru ya karanta takardar a gabana, ya ninke ta ya sa a aljihu. Ya ce Sakkwato za a wuce, a yi hoto kafin kowa ya taɓa. Ya ce in ci gaba da riƙe kan, hannuna ya fi nasa tsayawa.

Ba wai na bi bayansa ba ne. Hannun ne ke ciwo. Hajjo ta tambaye ni wanne daga ciki za ta gasa mini, na rasa wanda zan miƙa mata.